Kai rahoton kurakuran manhaja a Wikipedia ta Hausa

Kai rahoton kuskuren manhaja shi ne sanar da masu gina ta a rubuce cewa wani abu ba ya aiki, domin a bi diddiginsa har a gyara. Wikipedia ta Hausa tana gudana ne a kan MediaWiki, buɗaɗɗiyar manhaja wadda kowa ke da ikon duba tsarinta da gyara shi. Tun watan Nuwamba na 2014 ake shigar da kurakuranta a dandalin Phabricator, wanda ya maye gurbin Bugzilla.

Yadda ake bin rahoto

Kowane rahoto yana samun lamba mai farawa da harafin T. Daga nan a tantance shi: ko a gyara, ko a haɗe shi da wani makamancinsa, ko a rufe shi idan an kasa ganin matsalar. Gyaran da aka rubuta sai an duba shi a Gerrit, kuma yawancin shafukan Wikipedia ranar Alhamis suke karɓar sabon zubi. Kuskuren fassarar maɓallai kuwa a translatewiki.net ake gyara shi, kuma mai jin Hausa zai iya yin hakan da kansa.

Halin da ake ciki a Kaduna

Kaduna na cikin garuruwan da ƙungiyar Hausa Wikimedians User Group ta sha horar da editoci. Sai dai koyon rubuta muƙala daban, koyon kai rahoto daban. Ɗalibin da ke gyara shafi da waya a Kawo ko Unguwar Rimi, idan ya ci karo da matsala, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya faɗa wa abokai a WhatsApp, inda babu injiniyan da zai gani. Ga shi kuma Turanci ne harshen aiki a Phabricator.

Asarar ta fi yawa a abin da ya shafi Hausa kaɗai, kamar haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Injiniyan da ke Jamus ko Indiya ba zai lura ba idan manhaja ta rikita "ƙasa" da "kasa", domin a idonsa ƙaramin lanƙwasa ne kawai ya raba su. Irin wannan matsala tana iya shekara da shekaru ba a taɓa ta ba.

Rahoton da ya ce "ba ya aiki" kawai da wuya a kula shi. Wanda ake ɗauka da sauri shi ne wanda ya faɗi shafin da abin ya faru, matakan da aka bi, abin da aka yi tsammani da abin da ya fito, irin wayar da burauzar, tare da hoton allo. Shiga dandalin ba ya buƙatar sabon asusu, na Wikipedia ya wadatar.