Abin Da Malami Zai Koya Daga Gwanayen Darar Turawa

Ran nan muna zaune a ɗakin hutun ɗalibai, sai gardama ta tashi a kan darar Turawa, watau wadda suke kira ces. Wani abokina ya ce shi bai ga amfanin ƙatti biyu su zauna wuni guda suna harara katako ba. Na yi shiru a lokacin, amma na ga ya kamata in ba shi amsa a wannan fili, domin maganar ta shafi aikin da muke koyo a nan.

Da fari, ga yadda abin yake. Allon yana da gidaje 64, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16. Ƙungiyar da ke lura da wasan a duniya, FIDE, an kafa ta a Faris a 1924, a 1950 kuwa ta fara ba da sarautar gwanin gwanaye, mutum 27 suka fara samu. A manyan gasanni akwai dokoki biyu da nake so a lura da su. Ta ɗaya, ɗan da ka taɓa da niyya, tilas ka tafi da shi, ba janyewa. Ta biyu, kowane taku sai ka rubuta shi da hannunka a takarda. Saboda haka kuskuren gwani ba ya ɓacewa, kowa yana iya karanta shi ko bayan shekara ɗari.

Ku dubi abin da ya faru a Singafo ran 12 ga Disamba, 2024. Ding Liren na ƙasar Sin yana kare kambin duniya, Gukesh na Indiya, yaro ɗan shekara 18, yana nema. Wasa na 14 ne, na ƙarshe, kuma kowa ya ɗauka canjaras za a yi. A taku na 55 Ding ya ajiye ɗa guda inda bai kamata ba, nan take kambi ya kuɓuce masa. Bai ce rashin sa'a ba ne, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba. Ya zauna gaban 'yan jarida ya amsa kuskurensa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Mikhail Botvinnik na Tarayyar Sobiyet, injiniyan lantarki, wanda ya ci kambin a 1948. Smyslov ya ƙwace shi a 1957, Botvinnik ya karɓo abinsa a 1958. Tal ya sake ƙwacewa a 1960, ya sake karɓowa a 1961, yana dab da shekara hamsin. Yaya aka yi? Ya koma gida da takardun wasannin da aka cinye shi, ya bi su taku bayan taku har ya gano inda yake da rauni. Yakan shawarci 'yan wasa su buga sharhin wasanninsu, don wasu su ga kurakuran su faɗa musu. Karpov da Kasparov da Kramnik duk sun zauna a makarantarsa, duk kuwa sun zama zakarun duniya.

To, yanzu ga abin da ya dame ni. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji huɗu a wata makarantar firamare. Akwai wani yaro da littafinsa na lissafi kullum fes, ba gyara ko ɗaya. Na yi ta yabonsa a gaban aji. Sai daga baya na gane yakan jira in rubuta amsa a allo, ya goge tasa, ya kwafe tawa. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, tsoron bulala nake ji." Yaron bai iya rabawa ba, kuma ba ni da hanyar sanin inda yake ɓata, gama ya goge sawun. Laifin wa ne? Nawa ne, da na irina. Mu muka koya masa cewa kuskure abin kunya ne, shi kuwa ya koyi ɓoye shi.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce in aka daina tsawata wa yaro a kan kuskure, zai yi sakaci. Amma su tuna gwanayen nan ba a yafe musu kome. Taku guda ya raba Ding da kambin duniya. Abin da ya bambanta su da ajinmu shi ne, bayan an tashi wasa al'adarsu ce wanda ya ci da wanda aka cinye su sake jera 'ya'yan, su duba tare inda aka kauce hanya. Mu kuwa sai mu ja layi da jar tawada, mu rubuta sifiri, mu wuce shafi na gaba.

Ban ce mu mai da yaranmu 'yan dara ba. Masu cin abinci da wannan wasa kaɗan ne ƙwarai, kuma ba na goyon bayan a cire yaro daga makaranta don neman sarautar gwani. Shawarata ƙarama ce, kowannenmu yana iya gwada ta. In yaro ya ɓata lissafi, a hana shi gogewa. Ya ja layi ɗaya a kai, ya sake yi a ƙasa. Sa'an nan a ware minti goma a ƙarshen darasi, malami da yara su bi hanyar da ya bi su ga inda ta karkace. In malami ne ya yi kuskure a allo, shi ma ya bar shi a gani, ya gyara a gaban kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai na yi niyyar bin wannan hanya in an ba ni aji nawa. Abokina kuwa, in har yanzu yana nan a kan bakansa, Edita yana da fili a fitowa ta gaba, ina sauraronsa.