Raddi Ga Masu Cewa Sai Da Danmak Ta Watsar Da Ginin Gargajiya Ta Ci Gaba

Wasu masu sharhi na yaɗa cewa maginan Danmak ba su yi suna ba sai da suka juya wa ginin ƙauye baya, suka rungumi kankare da gilashi. Hujjoji uku suke kafawa, ga kuma amsar kowace.

Ta farko, wai ginin zamani a can ya samu ne bayan an raba gari da na da. Gine-ginen da kansu sun ƙaryata haka. Cocin Grundtvig na Kofanhegan, wanda Jensen-Klint ya zana aka kammala a 1940, daga cocinan ƙauye aka ɗauko fuskarsa mai hawa-hawa kamar matakala. Jami'ar Aarhus kuwa, wadda aka kammala gininta na farko a 1933, tsarinta na zamani ne, amma da gasasshen tubali ruwan ɗorawa aka yi ta, da rufi mai gangara wanda ya dace da ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa.

Ta biyu, suna nuna otal ɗin SAS na Arne Jacobsen, dogon benen gilashi da aka buɗe a 1960. Mun yarda akwai shi. To amma Jacobsen ɗin nan shi ya zana gidajen Søholm da tubalin ƙasarsu, kuma a ɗaya daga cikinsu ya zauna da iyalinsa. Me ya sa ba su faɗin wannan?

Ta uku, wai talaka ba zai samu muhalli ba sai a jerin benayen kankare. An gwada hakan a unguwar Gellerup tsakanin 1968 da 1972, yau an rushe wasu daga cikin benayen. Su kuwa gidaje 60 na Kingo da Jørn Utzon ya zana a Helsingør domin masu matsakaicin ƙarfi, kowanne ɗakunansa sun rungumi tsakar gida mai katanga irin ta gidan manomi, suna nan daram ana zaune a ciki.

Ko rufin ciyawa bai mutu ba: a 2017 Dorte Mandrup ta lulluɓe rufi da bangon wata sabuwar cibiyar baje koli kusa da Ribe da shi.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Maginan Danmak ba su bar gida ba, sun ɗora sabon ilimi ne a kan harsashin da suka gada. Don haka da'awar nan ba ta da madogara.