Hanyar da ake rufewa duk shekara, kuma ni ina ganin daidai ne

Yau zancen hanya za mu yi, amma ta can Amurka, a jihar Washinton (jihar fa, ba babban birnin ba). Sunanta Hanya ta 20, ita ce mafi tsawo a jihar, sama da kilomita 700, daga gabar ruwa ta yamma har kan iyakar jihar Idaho. A wani wuri ma sai an ɗora motoci a jirgin ruwa a tsallaka da su. Sashen da ya ratsa duwatsun North Cascades a 1972 aka buɗe shi, kuma kusan kowace shekara da hunturu ya kama, wajen Nuwamba, sai a sa ƙarfe a tare shi har Afrilu ko Mayu. A hunturun 1976 zuwa 1977 ne ba a rufe ba, don dusar ƙanƙara ba ta sauka sosai ba.

Duk wanda ya tashi a gidan kasuwanci ya san rufe hanya ba ƙaramin abu ba ne. Masu shaguna da masaukai a garin Winthrop da sauran kwarin Methow, baƙinsu na yamma sai sun yi dogon zagaye ta Stevens Pass kafin su iso. Asara ce, ban musa ba.

To amma mai karatu ka lura da wani abu. A kan wannan hanyar dai akwai mashigin Sherman Pass, wanda ya fi Washington Pass tudu, amma shi a buɗe yake duk shekara. Ashe ba tsayin dutse ne matsalar ba. A Washington Pass hanyar ta bi ne ta gindin dutsen Liberty Bell, inda akwai kwazazzabai da dusar ƙanƙara ke taruwa ta zaftaro gaba ɗaya ta binne kwalta. Ka share yau, gobe ta sake zubowa, wataƙila a kan direban motar sharar. Ko da sanyi ya wuce, sai ma'aikata sun yi makonni suna haƙa kafin a buɗe.

Ni a ganina, ɗan kasuwa ya fi tsoron hanyar da ba ya san halinta a kan wadda aka ce masa an rufe. Wanda ya san Nuwamba na tafe zai shigo da kayansa da wuri, ya lissafa kuɗin zagaye cikin farashi. Mutanen Methow ma ba su zauna jiran bazara ba, sun mayar da kwarin wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara, baƙi na zuwa musu ta zagayen cikin tsakiyar sanyi.

Masu cewa a riƙa buɗe ta dole, sai su faɗa mana wa zai biya kuɗin, kuma wa zai shiga gindin Liberty Bell a watan Janairu.