Alƙalamin da Ya Wanke Kayan Sata

Yau za mu yi nisan zango, har ƙasashen Asiya, amma kada kowa ya miƙe, domin maganar a kan alƙalami za ta tsaya.

A watan Maris na 2011 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sa hoton wani mutum-mutumin dutse a bangon kundin hajarsa a New York. Siffar Duryodhana ce, wani jarumi a labaran addinin Hindu, an sassaƙa ta a ƙarni na 10 a Koh Ker, tsohon babban birnin daular Khmer, cikin Kambodiya ta yau. An yi mata kuɗi dala miliyan 2 zuwa 3. Sai dai jarumin ba shi da tafin ƙafa. Ƙafafun suna can a kangon wurin bauta na Prasat Chen, manne da dandamalinsu, an karya su daga idon sawu. Kambodiya ta ɗaga murya, masu gabatar da ƙara na Amurka suka shiga maganar a 2012, aka yi ta ja har 2014 kafin ya koma gida.

Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son a kira su masoya fasaha. Mu kuwa muna cewa kuɗinsu ne ya riƙe gudumar. Talakan da yaƙi da yunwa suka ritsa da shi ba zai kinkimi dutsen da ya fi buhu biyu na masara nauyi ya nufi iyakar Tailan ba, sai ya tabbata akwai dillali yana jira a Bankok. Shi ma dillalin ba zai biya ba sai ya san akwai attajiri a Landan ko New York da ke neman abin da zai ajiye a falonsa.

To ga inda abin ya shafe mu. Sunan da ya fi fitowa a wannan ciniki shi ne Douglas Latchford, Baturen Ingila mazaunin Bankok. Ba a lungu ya yi sana'arsa ba. Marubuci ne. Shi da wata masaniya Ba'amurkiya, Emma Bunker, sun wallafa manyan littattafai uku kan fasahar Khmer tsakanin 2004 da 2011, masu sheƙin takarda, cike da hotuna da sharhin ilimi. Gwamnatin Kambodiya da kanta ta taɓa karrama shi. Ku lura da yadda injin ke aiki: gunkin da ba a san daga ina ya fito ba, mai hankali yana ɗari-ɗari da shi. Amma da zarar hotonsa ya shiga littafi, da lambar shafi da sharhin masana, ya sami asali. Ɗan kasuwa zai buɗe littafin a gaban mai saye ya ce ga shi nan, sananne ne. Littafin ya zama sabulu.

A Nuwamba 2019 aka tuhumi Latchford a New York da safarar kayan tarihi da ƙirƙirar takardun asali na bogi. Ya musanta, kuma ya mutu a Agusta 2020 ba a kai ga shari'a ba. 'Yarsa ta yarda ta mayar wa Kambodiya abin da ya tara, sama da guda ɗari. A Disamba 2023 babban gidan tarihi na Metropolitan ya sanar zai mayar da kaya 14 Kambodiya, 2 Tailan, dukkansu masu alaƙa da shi, ciki har da wani katon kan Buddha na dutse. Rana dubu ta ɓarawo.

Wanda ke koyon rubutu ya kamata ya zauna ya karanta kundin gwanjo ko da sau ɗaya, don ya ga yadda ake kashe gaskiya ba tare da an yi ƙarya ba. Za a ce an samo shi, ya bayyana a kasuwa, yana hannun wani mai tarawa a Turai tun shekaru aru-aru. Wa ya samo? A ina? Da izinin wa? Wannan ƙaramar kalma, “an”, tana iya haɗiye ɓarawo da gudumarsa da motar da ta yi dako. Mu ma muna da wannan ɗabi'a a labaranmu, mu ce an kashe, an wawure, an kora, kamar iska ce ta aikata.

Akwai kuma alƙalamin da ya yi akasin haka. A Nepal wani mai zane kuma masani, Lain Singh Bangdel, ya bi wuraren bauta na kwarin Katmandu yana ɗaukar hoton sassaƙe a mazauninsu. A 1989 ya fitar da littafi mai nuna hoton kowanne kafin a sace shi, da gurbin da ya bari. Cikinsu akwai Lakshmi-Narayan na birnin Patan, wanda aka ɗauke a 1984. Shekara ɗaya da fitar littafin aka yi gwanjonsa a New York, daga nan ya yi shekaru a gidan tarihi na Dallas. Wancan hoto ne ya zama shaida. A 2021 aka mayar da shi, mutanen unguwar suka ɗora shi a kan dandamalinsa na asali. Takarda ɗaya ce, tawada ɗaya ce, da irin wadda Latchford ya yi amfani da ita.

Za su ce mana ai ceto suka yi. Da an bar kayan, da 'yan Khmer Rouge sun farfasa su, kuma kowa ya ga abin da Taliban suka yi wa manyan Buddha na Bamiyan a 2001. Ba mu musun cewa wasu kayan sun tsira saboda suna waje. Amma maƙwabcin da ya fitar maka da akwati daga gobara ba ya ɓalle makullin, ba ya rubuta rasit na ƙarya, kuma idan wuta ta mutu yakan kawo maka abinka ba sai alƙali ya aiko masa sammaci ba.

Sannan waɗannan ba kayan ƙawa ba ne a wurin masu su. A Tibet idan an ƙera siffar Buddha ta tagulla, ana cika cikinta da naɗaɗɗun rubutun addu'a a rufe, kusan yadda ake ɗinke laya. Wanda ya dasa ta kusa da talabijin ya sayi tagulla ne kawai, ya raba wasu da abin da suke girmamawa. Abin ya kai maƙura a Mayu 2025, lokacin da aka shirya gwanjon duwatsun alfarma na Piprahwa a Hong Kong. Wani Bature mai kula da gona, William Peppé, ya tono su a arewacin Indiya a 1898, a binne tare da ƙasusuwan da mabiya addinin ke ɗauka na Buddha ne kansa. Wato kayan kabari. Sai da Indiya ta yi barazanar shari'a aka dakatar, kuma sai da wani kamfanin Indiya ya sa kuɗi suka koma gida a Yuli. Mai kaya ya sayi kayansa.

Mun san akwai wanda ke shirin rubuta mana a ƙasa: gumaka ne, ina ruwanmu? Ba wanda ya ce ka yi musu sujada. Amma tun muna yara aka karantar da mu, Musulminmu da Kiristanmu, cewa wanda ya sayi kayan sata da saninsa ya yi tarayya a laifin, kuma ba a ce sai in mai kayan ɗan addininka ne ba.

Kuma kasuwar nan ta san hanyar gidanmu. Tun a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa sassaƙen yumɓu na Nok da na yankin Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ake wawura. A shekarar ce aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a Louvre, a Faris, bayan an saye su daga hannun dillali. Da surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, ita kuma Nijeriya ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wa'adin zai cika a 2027.