Ɗaki Ɗaya Ma Muhalli Ne

 A wannan wata zancen gidan haya za mu taɓa, irin wanda ake ba da shi ɗaki-ɗaki, a haɗa tsakar gida da madafi da bayan gida.

'Yar uwa, ki duba ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ma'aikata suke ta zuwa. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana tara ɗalibai da malamai, kasuwar dabbobi ta Maigatari kuma duk Alhamis tana jawo fatake daga kudu da Damagaram. Ga sababbin ma'aurata, ga matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu. Mafi yawansu ba su da ƙarfin kama gida sukutum. Ɗaki ɗaya, ko ciki da falo, shi ne rufin asirinsu.

Abin damuwa shi ne yawancin wannan haya a baki ake ƙulla ta. Ba takarda, ba shaida sai dillali, shi kuwa da ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa. Ranar da mai gida ya so aurar da ɗansa, sai ki ji an ce ki kwashe kayanki kafin Juma'a. Wani ma da ya ji bazawara ce ke neman ɗaki sai ya ce babu, alhali ga ɗakin a kulle. To ina ake so ta kai yaranta?

Akwai kuma batun lafiya. A 2023 Jigawa ce cutar sanƙarau ta fi yi wa ɓarna a Najeriya, Maigatari da Sule Tankarkar suna cikin inda ta fi tsanani. Cutar ta fi yaɗuwa a lokacin rani, ta hanyar numfashi, inda mutane suka cunkushe. Ɗakin da ba taga, ana kwana mutum bakwai a cikinsa, hatsari ne ga kowa a gidan.

Wasu suna cewa a hana irin wannan haya baki ɗaya saboda rigingimun mata da gurɓacewar tarbiyya. Amma idan aka hana, talaka zai koma kango ne ko rumfar kasuwa. Abin da ya kamata shi ne hukuma ta amince da ita, ta shimfiɗa mata ƙa'ida: kowane ɗaki da taga, bayan gida daidai da yawan jama'ar gidan, duba-gari su riƙa zagayawa, kuma a ba da wa'adi kafin tashi. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta a san kuɗin haya da tsawon lokacinta tun farko.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da yake hannunki. Ki roƙi maigida ya bari ki ga ɗakin kafin a biya, domin ke ce mai wuni a ciki. Ki duba taga da rufi da inda ake samun ruwa. A rubuta kuɗi da wa'adi, mai unguwa ya sa hannu, a ajiye rasit. Idan kun tare, ku tsara kwanan shara da wankin bayan gida, domin zo mu zauna, zo mu saɓa.

Ke kuma Hajiya mai ɗakunan haya, idan uwar marayu ta zo, ki nemi wanda zai tsaya mata, ki ba ta ɗakin.

Allah Ya rufa mana asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.