Kafin riɗin ƙauyenmu ya zama dala: takardun da ba a nuna mana a TikTok

Duk wanda ke hawa TikTok ko Facebook ya ci karo da irin bidiyon nan: matashi tsaye gaban kwantena, yana cewa da wayarka kaɗai za ka fara fitar da riɗi ko zoɓo zuwa waje, ka riƙa karɓar dala. A ƙarshe sai ya ce ka biya kuɗin shiga aji a WhatsApp. Hutun da ya wuce, ƙanina a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi ya nuna min irinsa, ya ce: "Yaya, tunda riɗin a gonarmu yake, me ya hana mu kai shi waje da kanmu?"

Tambayar tana da kyau, domin hanyar kayan a gabanmu take. Manomi a Bichi, Ɗambatta, Makoɗa ko Kunchi yana sayar wa dillali a kasuwar ƙauye, dillali ya kai Dawanau, daga nan tirela ta ɗauka zuwa Legas, jirgin ruwa ya wuce da shi ƙasashe irin su Japan, Sin da Turkiyya. A kowane zango farashi yana hawa, amma wanda ya sha rana a gona shi ne mai ƙaramin kaso. Abin da ya raba shi da mai babban kaso ba jari ba ne kawai. Takarda ce.

Ga yadda abin yake. Da farko sai kana da rajista da hukumar CAC a matsayin kamfani, ko kuma rajistar ƙungiyar gama kai, da lambar biyan haraji. Sannan ka yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ta ba ka shaidar cewa kai mai fitar da kaya ne. Idan ka samu mai saye kun yi yarjejeniya a rubuce, sai ka cike fom ɗin NXP ta hannun bankinka. Da wannan fom Babban Bankin Najeriya ke bin sawun kayan da kuɗinsu, kuma doka ta ce kuɗin kayan da ba man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180. Wato maganar "a turo min dala ta asusun abokina" ba ta ma taso ba.

Ba a gama ba fa. Akwai kuɗin duba kaya na NESS, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan. Hukumar NAQS za ta ba da shaidar cewa babu ƙwari ko cutar tsirrai a ciki. Akwai shaidar inganci da feshi, akwai shaidar asalin ƙasar da kayan suka fito, idan kuma abinci ne da aka sarrafa, NAFDAC za ta shigo. Sai kwastam, sai takardar lodi daga kamfanin jirgin ruwa. Mai shigo da kaya shi ma yana da nasa, fom ɗin M, wanda ake buɗewa tun kafin kaya su baro can.

Wani zai ce wannan duk wahalar da talaka ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ofisoshin sun yi yawa, kuma mutumin ƙauye da ba shi da wuta ko intanet mai ƙarfi zai sha fama. Amma mu tuna abin da ya faru da wake. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda an samu sinadarin kashe ƙwari da ya wuce ƙima, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Haramcin ya ɗauki shekaru ana sabunta shi. Laifin bai fara a tashar Apapa ba. Ya fara ne a ɗakin ajiya, ranar da wani ya zuba magani a buhu don kada ƙwari su ci masa wake. Kenan takardar da ake bayarwa a ofis, a gona da rumbu ake cin jarrabawarta ko a faɗi.

Abu na biyu da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, doka tana iya canzawa dare ɗaya. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Wanda ya zuba jarinsa bai bibiyi labarai ba, kaya suka zauna masa. Haka mutanenmu suka gani lokacin rufe iyakoki a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023.

To, mafita fa? Ni a ganina matashin ƙauye kada ya fara da mafarkin kwantena. Kwantena ƙarama ɗaya tana cin wajen tan 19 na riɗi, mu kuwa gonakinmu gado ya yanka su ƙanana, gida ɗaya ba zai cika ta ba. Amma ƙungiyar manoma mai rajista za ta iya tara kaya, ta tsaftace, ta ajiye a buhunan da ba sa buƙatar magani, ta rubuta wane ne ya kawo me. Ko ba ta fitar da kanta ba, za ta yi ciniki da kamfani kai tsaye da bakin magana. A nan ake buƙatar mu masu karatu: wanda zai karanta yarjejeniya, ya cike fom, ya je banki ya yi tambaya. Wannan sana'a ce, ba taimako kawai ba.

Gwamnati ma tana da nata. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a watan Janairun 2023, don a riƙa kammala harkar kwastam a Kano ba sai an je Legas ba. Amfaninta ba zai isa Tsanyawa ba sai jami'an NEPC da NAQS sun riƙa zuwa kasuwannin ƙauye lokacin kaka, suna bayani da Hausa, a rediyo da kuma wayoyin da muke riƙe da su.

Na ce wa ƙanina ya riƙe kuɗin ajin nan. Kafin ya biya kowa, ya tambaye shi: kana da rajistar NEPC? Ka taɓa cike NXP? Idan ya fara kame-kame, a kama gaba. Yanzu dai mun fara da abin da ke hannunmu: bana babu fiya-fiya a ɗakin ajiyar Baba.