Jinjina Ga Masu Rubutun Ƙasan Allo

Akwai ma'aikatan da ba a ganin fuskarsu a fim, ba kuma a kiran sunansu ranar rabon kyaututtuka. Su ne masu rubuta layukan nan biyu da ke fitowa a ƙasan allo yayin da jarumi ke magana. Mutum zai maimaita sauraron jimla ɗaya sau biyar, ya taƙaita ta yadda ido zai karance ta kafin hoto ya sauya. Albarkacin wannan haƙuri nasu ne wanda ba ya jin Hausa a Ibadan ko Enugu yake bin shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Yabon gwani ya zama dole, sannunku da aiki.

A gida na san darajarsu. Ɗan yayata yana da shekara huɗu sanƙarau ya tafi da jinsa. Da an kunna shiri, sai ya jawo tabarma har gindin talabijin, yana bin rubutu da ido, leɓɓansa na motsi. Ranar da ya fashe da dariya tare da mu, ba sai an yi masa bayani da hannu ba, sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Sai dai idan kana da kyau, ka ƙara da wanka. Yaron ya amfana ne don ya koyi Turanci a makaranta. Kakarsa, wato mahaifiyata, kunnenta ya yi nauyi, kuma Hausa kaɗai take karantawa tun daga ajin yaƙi da jahilci. Da harshenta ake shirin, amma ba ta ji, rubutun kuma ba nata ba ne.

Maganin yana cikin dikodar da ke ɗakunanmu. Najeriya ta fara komawa tsarin dijital a Jos ranar 30 ga Afrilu, 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kano kuma a 2021. A wannan tsari ana iya aiko da rubutu daban da hoto, cikin harsuna da dama, mai kallo ya zaɓi nasa da rimot ko ya kashe shi. Ana ma iya aiko da shi a matsayin zane, don haka ɓ da ɗ da ƙ za su fito da lanƙwasarsu. Amma galibin rubutun da muke gani a shirye-shiryen Hausa manne yake a jikin hoto, da Turanci kawai.

Wasu ƙasashe da doka suka kai ga gaci. A 1990 Amurka ta wajabta cewa daga 1993 duk talabijin mai inci 13 zuwa sama ya zo da na'urar nuna rubutun. A 2008 BBC ta kai ga saka shi a dukkan shirye-shiryen manyan tashoshinta. Mu ma muna da madogara: dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019.

Don haka hukumar NBC mai sa ido kan tashoshin rediyo da talabijin ta ƙayyade wa kowace tasha kason shirye-shiryen da dole su fito da rubutu, a fara da labarai da sanarwar lafiya. Tashoshi su ɗauki ɗaliban Hausa da jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello ke yayewa, su biya su haƙƙin guminsu. Masu shigo da dikoda su kawo wadda ke nuna rubutun. Kai ma mai saye, ka sa a danna maka maɓallin a shago kafin ka miƙa kuɗi.

Ku kuma masu rubutun, ga roƙona: bayan layin Turanci, ku ƙara mana na Hausa. Har yanzu Inna tana zama gefen jikanta kowane dare, tana taɓa kafaɗarsa don ya gaya mata abin da aka ce.